Ajin Mai Takaba

Mu bakwai ne a kan bencin, dukanmu mata. Bencin katako ne a barandar ofishin ilimi, an tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, kuma a nan muke zama kowace safiya muna jiran a aike mu. Malamai ne mu, amma ba mu da aji. 'Yan riƙon ƙwarya ake ce mana. In wata malama ta kwanta rashin lafiya ko ta tafi gida haihuwa, sai akawu ya leƙo ta taga ya kira ɗayarmu, ya miƙa mata 'yar takarda, ta je ta riƙe ajin har mai shi ta dawo. Daga nan ta komo benci. Ranar da kika tsaya a gaban allo ita ce ranar aiki. Ranar da kika wuni a baranda kuwa, zaman kanki kika yi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, ni kuma ban daɗe da gama sakandare ba. 'Yan matan da suka yi karatu har can a unguwarmu ba su fi a ƙirga ba. Na san haka, kuma ban bar kowa ya manta ba. A ganina zamana a bencin nan kuskure ne aka yi, za a gyara shi nan da 'yan makonni.

Hanya ɗaya ce ta barin benci. In kika riƙe aji guda zango cikakke, daga buɗe makaranta har hutu, sa hannunki na cikin rajistar malamai kullum, dole a ba ki takardar aiki ta dindindin. Daga ranar ba mai ɗaga ki sai da dalili, kuma ƙungiyar malamai za ta karɓe ki, ta tsaya miki. An ɗan yi sassauci: wadda ta kama aji zuwa ranar Alhamis ta mako na biyu, ana lissafa mata zangon. Ta wuce wannan Alhamis ko da kwana ɗaya ne, shi ke nan.

To, wane hutu ne yake cinye zango guda? Mai jego kwana arba'in ne da 'yan kai ta dawo. Mai zazzaɓi mako ɗaya. Mace ɗaya ce take barin ajinta wata huɗu da kwana goma, ita ce wadda mijinta ya rasu ta shiga takaba. Ita ma sai in rasuwar ta faɗo daidai farkon zango. Abin da muke jira ke nan a barandar nan, amma ba wadda take faɗa. Aiken haihuwa da na ciwo muna ce masa gajera, na takaba kuwa doguwa. Ban san wadda ta sa sunan ba, amma ta san abin da take yi, don kowa ya san Doguwa sunan aljana ne.

Wadda ta fi kowa daɗewa a cikinmu muna ce mata Inna. Ba tsohuwa ba ce can, ba ta wuce arba'in da 'yan kai ba, amma shekararta tara a kan bencin. Elementare ta yi, sai shekara ɗaya ta koyon malanta. Daga Panshekara take zuwa, maigidanta yana aiki a gidan ruwa na Challawa. Motar da ke ɗebo yashi daga kogi take bi, direba ya sauke ta a bakin titi, ta karkaɗe zanenta ta ƙaraso da ƙafa. Ita ake aikawa inda ba mai son zuwa. Ta riƙe aji a Sharada lokacin da makarantar rumfar zana ce a tsakiyar gonaki, masu awo suna kafa turaku a gefen dawa wai nan za a gina kamfanoni.

Layin benci a kanta yake. Ba a rubuce yake ba, amma ta san wadda ta dawo jiya da wadda ta yi wata guda ba a kira ta ba. In gajera ce, akawu yakan ce, "Inna, wa ke kan layi?" Ta faɗa, ya rubuta. Doguwa kuwa kowa ya yarda ta Inna ce duk ranar da ta zo. Sau biyu ta taɓa samu, duka a tsakiyar zango, ta riƙe ajin wata huɗu ba a lissafa mata komai ba.

Ranar Juma'a, ana saura kwana uku a koma makaranta, aka yi rasuwa a Bompai. Mijin malamar aji huɗu ne ta wata makaranta da ke bayan kamfanoni, ma'aikaci a inda ake matsar man gyaɗa. Jinyar kwana uku ya yi. Labarin ya iso benci da safiyar Litinin, muka yi salati gaba ɗaya. Ba wadda ta kalli Inna. Ni dai zan faɗi gaskiya: bakina bai gama salati ba kaina ya gama lissafin kwanaki.

Akawu ya ɗaga labulen taga.

"Ke, 'yar sakandare. Zo."

Na tashi. Ya miƙo min takarda, aji huɗu, Bompai. Wata daga cikin matan ta ce, "Malam, ba layin Inna ba ne?"

"Wane layi? A ina aka rubuta shi? Ɗauko min in gani."

Na san ya kamata in tsaya, amma ban tsaya ba. Na ce wa kaina satifiket ɗina ne ya yi aiki, ai ba laifina ba ne da na yi karatu. Da zan wuce ta gabanta, Inna ta ɗago kai ta ce, "Allah ya sa albarka. Yaran suna da yawa, kada ki yi musu tsawa. In kika rage murya za su yi shiru don su ji me kike cewa."

Na ce amin, na fita da sauri.

Makarantar tana tsakanin wani dogon sito da katangar kamfanin sabulu. In iska ta juyo daga gabas aji ya cika da ƙanshin soyayyiyar gyaɗa, in ta juyo daga yamma sai warin soda ya shaƙe mu. Yaran ba su san ƙararrawa ba, jiniyar kamfani suka sani, da ta yi kuka sun fara tattara allunansu don iyayensu sun tashi cin abinci. Manyan motoci suna wucewa, alli yana faɗowa daga bakin allo. Na so ajin. Kowace safiya in shiga ofishin hedimasta in sa hannu a rajista, in tsaya ina kallon sa hannun nawa kamar ban taɓa ganinsa ba.

Sai dai littafin tsarin darasi yana cikin kabad, makullin kuma yana hannun mai ajin. Na ce wa hedimasta a aika a karɓo. Dattijo ne mai tsantseni, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, ko bakwai ba a yi ba. Ki bari a yi sadaka, ki je da ƙafarki ki yi gaisuwa, makulli ya biyo baya."

Ranar Asabar na je. Gidan haya ne na ma'aikata, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Na same ta a kan tabarma, ta lulluɓa da wani tsohon mayafi, ba 'yan kunne, ba tozali, ga 'yar wuƙa a gefenta kamar yadda masu takaba suke ajiyewa. Ta girme ni da kamar shekara goma. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa. Da na ambaci makulli sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ɗauko.

"Inna ce ta aiko ki?"

"A'a, Yaya. Ni aka ba ajin."

Hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon makullin.

"Shekara huɗu na yi a bencin nan," in ji ta. "Ni ma ta doguwa na fita, lokacin Inna tana jinyar ɗanta a gida. Da abin ya faɗo kaina, abu ɗaya na riƙa gaya wa kaina a kwanakin nan. Na ce tun da dai dole wata ta samu ta dalilinsa, gara Inna ce. Shi ne ɗan abin da ya rage min zafi."

Na ce, "Ni ban roƙa ba. Ba ni aka yi."

"Na sani. Karɓa kika yi."

Ta miƙo min makullin. Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuciyata me ya shafe ni da alkawarin da ta yi wa kanta.

Kashegari ina shara na ba Baba labari, don ya taya ni jin haushi. Shi mai awon kaya ne a wani sito a Bompai, mutum ne mai son zaman lafiya da kowa. Yana gyaran sarƙar kekensa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ai akawun nan mutumin kirki ne. Bayan sallar gawar na ja shi gefe na yi masa maganarki, bai ko yi musu ba."

Na jingine tsintsiya.

"Baba, a wurin jana'izar kuka yi masa magana?"

"To a ina zan gan shi? Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake neman abu ba."

Na ɗauki tsintsiya na ci gaba da shara, don Baba ne. Amma abin ya dame ni. Ba zan yi ƙarya in ce tausayin Inna ne ya fara motsa ni ba. Girman kaina ne aka taɓa. Mako guda ina taƙama da satifiket, ashe ko buɗe shi ba a yi ba. An raba ajin matar tun ba a gama rufe mijinta ba.

Ranar Litinin da aka tashi na nemi sakataren ƙungiyar malamai. Malamin aji bakwai ne a wata makaranta a Nassarawa, kuma ofishin ƙungiyar gaba ɗaya akwatin ƙarfe ne ɗaure a bayan kekensa. Na tare shi a ƙarƙashin wata darbejiya yana shirin hawa. Na zayyana masa komai ban tsaya shan iska ba.

"Ke 'yar ƙungiya ce?" in ji shi.

"A'a."

"Ita Innar fa?"

"Malam, da ita 'yar ƙungiya ce me zai kawo ni?"

"To, 'yata, ƙungiya tana magana ne a kan mutanenta. 'Yan riƙon ƙwarya ba su cikin littafinmu."

"Wato sai mutum ya tsira da kansa sannan ku zo ku cece shi."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Wa ya koya miki magana haka? Allah ya taimaki mijinki."

"Amin. Amma ba shi na zo yi ba."

Ya daina dariya. Ya sauke akwatin ya ɗora a kan tushen bishiya, ya yi ta bincike har ya zaro wasu takardu da zare ya ɗaure. Ya sa yatsa a kan wani layi.

"Ku ba namu ba ne. Amma mai ajin tamu ce. A yarjejeniyarmu da ofis, malamin da zai yi dogon hutu yana da ikon rubuta wanda yake so ya riƙe masa aji. In ofis zai ƙi, sai ya kawo dalili a rubuce."

"To me ya sa ban taɓa jin an yi haka ba?"

"Wa ke dogon hutu in ba mai takaba ba? Wa kuma zai ɗauki takarda da alƙalami ya kai wa mai takaba? Ni dai namiji ne, ko zauren ba zan wuce ba. Matan kuwa kunya suke ji." Ya kalle ni sama da ƙasa. "Sai dai in an sami wadda ba ta da ita."

Ranar Talata na koma gidan. A zaure na tarar da wan mamacin yana zaune da masu zuwa gaisuwa. Da ya ga takarda a hannuna ya tambayi ta mece ce, ni kuma ban iya kwana-kwana ba, na faɗa masa.

"Kwana goma sha ɗaya da binne ƙanena, kin kawo mata aikin ofis? Wace irin tarbiyya ake ba ku a bokon nan?"

"Ku yi haƙuri, Baba. In na jira arba'in, abin ya wuce. Jibi ne ƙarshe."

"Ya wuce ɗin mana!"

Muna cikin haka wata dattijuwa ta leƙo daga cikin gida ta ce mai takaba ta ji murya, ta ce a bar ni in shiga. Ya kau da kai, na wuce.

Na yi mata bayani a taƙaice. Ba ta tambaye ni me ya sauya min ra'ayi ba, kuma na ji daɗin haka. Ta ɗora takardar a bayan faranti ta fara rubutu, sannan ta tsaya.

"Yau nawa ga wata a boko? Na Musulunci kaɗai nake ƙirgawa yanzu."

Na gaya mata. Ta rubuta layi uku, cewa Inna take so ta riƙe mata aji har ta fita takaba. Rubutun ya karkace ya gangara, amma ana karantawa. Da ta gama ta ce, "Ki gaya mata akwai wata yarinya 'yar baƙa a layin baya, ba ta ji sosai da kunnen hagu. Ba taurin kai ba ne. A dawo da ita gaba."

Na gane ta nan take. Sau biyu na tsayar da yarinyar nan a cikin rana don horo.

Ranar Laraba sakatare ya kai takardar ofis. Da aka tashi na same shi, fuskarsa ba walwala. Ya ce shugaban ofis ne kaɗai zai iya sa hannu a canjin, shi kuwa ya tafi rangadi, sai gobe Alhamis bayan azahar zai dawo. Akawu ya karɓi takardar da fara'a, ya ce ba komai, za a duba. Makaranta kuma kafin azahar take tashi.

"Ko an sa hannu gobe," in ji sakatare, "ranar ta riga ta wuce. Hedimastan nan na san shi, ba zai bar mutum ya sa hannu a ranar da bai koyar ba. Innar ma, in yadda kika faɗe ta take, ba za ta yarda ba."

Na ce, "To in ta koyar fa?"

"Da wace takardar?"

"Ajin a hannuna yake har yanzu. An hana malama ta gayyaci wata ta taya ta?"

Ya yi ɗan tunani, ya shafa gemu. "Ban ga inda aka hana ba. Ban kuma ga inda aka ce a yi ba. Ni ban ji komai ba, gobe da hantsi ina ofis."

Da sassafe ranar Alhamis, maimakon Bompai, na tsaya a bakin titin da motar yashi ke sauke ta. Ta sauko tana karkaɗe zane, ta gan ni, ta ci gaba da karkaɗewa. Tun ranar da na karɓi takardar ba mu haɗu ba. Na gaishe ta, na gaya mata komai, har da maganar Baba.

"Inna, ku zo mu tafi. Yau ku za ku tsaya a ajin."

"Ba na shiga ajin mutane ba takarda."

"Takarda tana zuwa. Ni nake gayyatarku."

"Sadaka za ki yi min?"

"A'a. Kayanku na ɗauka, na kawo muku."

Ta dube ni sosai a karon farko.

"Kin san abin da zai biyo baya? Akawun nan ba ya mantuwa."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Wata shida kika yi a benci kina cika kina batsewa. Shekara tara ba a saninta da ka, sai an zauna." Ta gyara mayafi. "Kuma kada ki yi don in gode miki. Ban da abin godiya a cikin wannan, mutum ne ya mutu."

"Inna, rana tana yi. In za ku yi min faɗa ku yi a hanya."

Ta ja tsaki, amma ta biyo ni.

Hedimasta ya gan mu tare, ya cire tabarau ya goge. "Malamai biyu a aji ɗaya?" Na ce masa yau ba zan sa hannu ba, ya bar layin a buɗe, kuma ina roƙonsa ya leƙa aji huɗu ya ga wadda ke koyarwa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na kai Inna aji, na ba ta makullin kabad, na gaya mata saƙon yarinyar layin baya. Kafin in kai ƙofar makaranta na ji ajin ya yi tsit. Mako biyu ban taɓa samun wannan shirun ba.

A ofis na zauna kusa da sakatare a kujerar baƙi, matan benci suna leƙenmu ta taga. Akawu ya wuce mu sau uku. A na huɗu ya tsaya ya ce, "Malama, kin bar yara ba kowa? Sai na rubuta."

"Akwai malama a kansu, Malam. Ta fi ni."

Shugaban ofis ya iso bayan azahar, a gajiye, rigarsa duk ta yamutse. Ya so ya ce a bari sai wani makon. Sakatare bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya buɗe akwatinsa, ya karanta layin yarjejeniyar a hankali, ya ajiye wasiƙar mai takaba a kan tebur, ya ce ƙungiya ba ta neman komai sai abin da ofis ya riga ya sa wa hannu, in kuwa za a ƙi, a ba shi dalili a rubuce ya kai wa mutanensa. Ni da na raina shi a ƙarƙashin darbejiya, ranar na ga amfanin akwatin.

Akawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta yi sakandare. Waccan elementare ce."

"Shekara tara kuna aika elementaren Sharada da Challawa," in ji sakatare. "Ba a taɓa kawo ƙararta ba. In ba ta iya ba, me ya sa kuke aikawa?"

Shugaban ya karanta wasiƙar sau biyu. Ina jin karkataccen rubutun ne ya yi masa nauyi, don ya daɗe a kansa. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke da bakinki kike ajiye ajin?"

"E, ranka ya daɗe."

"Kin san benci za ki koma?"

"Na san hanya."

Ya sa hannu.

Kafin mu isa Bompai an daɗe da tashin yara. Inna tana zaune ita kaɗai a aji, hannun rigarta duk alli. Hedimasta bai tafi gida ba, yana ofishinsa, rajista a buɗe a gabansa, kwanon abincinsa a rufe a gefe. Ya karɓi takardar ya karanta har ƙasa.

"Ta koyar yau," in ji shi. "Na tsaya a taga na gani da idona, tun daga lissafi har karatu. Malama, bismilla."

Inna ta goge hannunta a zane, ta karɓi alƙalami ta sa hannu. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Muka ce amin. Na jira ta ce min wani abu, ko da kalma ɗaya. Ta ce in ba ta hanya, motar yashi ba ta jira.

Na koma benci. Zangon nan gaba ɗaya akawu bai kira ni ba ko sau ɗaya, ko gajerar kwana biyu. Baba ya yi sati ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Na je wurin sakatare na kai ƙara, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, kuma zalunci ne, amma ni ba 'yar ƙungiya ba ce. Ya ce ya sa maganar 'yan benci a cikin abin da za a tattauna a babban taro, sai dai irin wannan yana ɗaukar lokaci. Na gaya masa abin da nake gani game da lokacinsu. Bai yi dariya ba wannan karon.

Inna ta cika zangonta, ba ta yi fashin ko kwana ɗaya ba. Bayan hutu takardarta ta fito, aka ba ta aji biyu a wata makaranta kusa da Panshekara. Ranar da ta zo karɓa, ta fito daga ofis ta zauna a gurbinta na kullum, takardar a cinyarta, kamar ta manta. Sai da akawu ya leƙo ya ce, "Malama, wannan bencin na masu jira ne," sannan ta miƙe. Ta yi sallama da kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta kama hannuna ta ja ni ƙarshen baranda.

"Kin ji mijin malamar aji uku ta Nassarawa yana kwance?"

Na ji. Duk bencin ya ji. Mako ɗaya ke nan da buɗe makaranta.

"Ki yi masa addu'ar samun sauƙi," in ji ta. "Da gaske nake. Ba ta baki ba. Ni na yi shekaru ina cewa Allah ya ba su lafiya, kunnena yana wajen taga. Ga takardar a hannuna, amma wannan bai goge ba. Ke yarinya ce, kada ki bari ya zauna miki."

Ta sake ni ta tafi.

Na yi addu'ar. Ranar farko bakina ne kawai ya yi, ba zan ɓoye ba. Na ci gaba da yi bayan kowace salla har zuciyar ta fara bin bakin, kuma ta ɗauki kwanaki kafin ta bi. Mutumin ya warke, ya koma aikinsa. Ni kuma na ƙara shekara biyu a benci.